Kafin a yi wa wayarka filashin: me gargaɗin nan na baƙin allo yake nufi?

Kwanakin baya wani ɗalibina ya tsayar da ni bayan an tashi daga aji, ya miƙo mini wayarsa. Ta hannu ce, ya saye ta a wajen wani mai gyara a nan Garwa. Tana aiki lafiya, sai dai duk lokacin da ya kunna ta wani rubutun Turanci yakan fito a baƙin allo na 'yan daƙiƙu, da kalmar Orange a samansa. Shi a zatonsa kamfanin layi ne ke gaishe shi. Ba ruwan kamfanin Orange a ciki. Wayar ce ke shaida masa cewa an taɓa buɗe makullinta, kuma ita kanta ba ta da tabbacin abin da aka zuba mata.

Sai mun leƙa cikin wayar za mu gane nauyin wannan magana. A ƙarƙashin WhatsApp da Facebook da duk abin da yatsa ke taɓawa akwai wata manhaja da ba a gani, masana na kiranta kanel, da Faransanci kuma noyau, wato ƙwallon da ke tsakiyar ɗan itace. Ita ke riƙe da makullan gidan duka. In WhatsApp na son kyamara, wurinta zai roƙa. Ita ke hana manhajar wasa leƙa abin da ke cikin manhajar kuɗi. Kanel ɗin wayoyin Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Finland. In ƙaramar manhaja ta rikice, kanel ya rufe ta, waya ta ci gaba da aiki. In kanel ɗin ne ya rikice, babu wani a samansa da zai tare ɓarnar.

Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yuli 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, yana da manhaja da ke aiki a cikin kanel ɗin Windows. Ya tura wani ƙaramin fayil mai kuskure, kwamfutoci suka riƙa faɗuwa suna tashi suna sake faɗuwa. Microsoft ya ce na'urori kimanin miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage aiki, kuma a wurare da yawa sai da ma'aikata suka bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Ba ɓarawo ba ne ya yi wannan, masu gadin ne da kansu.

Saboda irin wannan haɗari aka gina wa Android matakan kariya. Babbansu shi ne tantancewa lokacin kunnawa. Da ka danna maɓalli, wani ɗan umarni da aka dasa cikin ƙarfen wayar, wanda ba ya goguwa, yakan duba hatimin mataki na gaba. Wannan ma ya duba hatimin kanel, kanel ya duba sauran. Hatimin na lissafi ne: in an canja ko da harafi ɗaya, ba zai dace ba. Google ya fara shigo da tsarin a Android 4.4 a 2013, ya tsaurara shi a Android 7.0 a 2016.

Sakamakon binciken yana da launi huɗu. Kore: komai daidai, waya ba ta cewa komai. Rawaya: a kulle take, amma hatimin ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne. Ruwan lemo, wanda ɗalibina ya gani: makulli a buɗe yake, kowa na iya zuba abin da ya ga dama. Ja: an sami ɓarna, sau da yawa ma wayar ba za ta ƙarasa tashi ba. Wayoyi masu injin MediaTek, irin yawancin Tecno da Infinix da ke hannun mutanenmu daga Garwa har Marwa, sukan rubuta sunan launin ƙarara a allo.

Akwai wani mataki da ke jawo rigima tsakanin mai gyara da mai waya. Duk ranar da aka buɗe makullin, wayar takan goge duk abin da ke cikinta, hotuna da lambobi da saƙonni. Mutane kan ɗauka ganganci ne na mai gyara. Da gangan aka tsara haka, don kada wanda ya tsinci wayarka ko ya sace ta ya buɗe makulli, ya zuba nasa kanel, ya kwashe sirrinka. Samsung ya ƙara nasa: a tsarinsa na Knox akwai wani ɗan fis a cikin ƙarfe da ke ƙonewa in an zuba manhajar da ba ta kamfani ba. Ba ya gyaruwa. Ko an mayar da ta asali, wasu ayyukan tsaro, kamar jakar ɓoye fayiloli, ba sa dawowa.

Ga wanda jarinsa ke cikin waya, a nan maganar take. Ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo, lambar sirrinsa ta cikin kanel take bi duk lokacin da ya danna ta. In an yi wa waya rut, wato an ba wata manhaja ikon mai gida, katangar da ke raba manhajoji ta tsage, kuma mugun shiri zai iya karanta saƙon da ke ɗauke da lambar tabbatarwa. Shi ya sa manhajojin banki da dama kan tambayi Google ko wayar na nan yadda aka ƙera ta, in amsar ba ta gamsar ba su ƙi buɗewa.

Kada dai a ɗauka hatimi shaidar nagarta ne. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne daga hannun wa abu ya fito. A 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, har da Kamaru, sun zo da mugun shirin Triada tun daga kwali, yana yi wa mutane rajistar ayyukan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion, mai Tecno, ya ɗora laifin a kan wani mai samar masa da kaya. Babu launin da ya gargaɗi masu waɗannan wayoyin.

Ni ban ga laifin masu gyara ba a dunƙule. Kamfani kan daina aiko wa waya mai araha sabuntawa bayan 'yan shekaru, mai ita kuma ba shi da kuɗin sabuwa. Filashin ne ke tayar da wayoyi da yawa da da tuni an jefar. Bambancin shi ne abin da aka zuba. Mayar da manhajar kamfani ta ainihin samfurin wayar, a bar makulli a rufe, gyara ne. Zuba wadda aka tsinto a intanet ba a san wanda ya taɓa ta ba, don a tsallake asusun Google na tsohon mai waya, wannan wani abu ne daban, kuma ya kamata mai saye ya tambayi kansa me ya sa mai wayar bai cire asusunsa da hannunsa ba.

Ɗalibin nawa ya koma wurin mai gyaran. Na ce ya kwafe hotunansa da lambobinsa tukuna, domin rufe makullin ma yana goge waya kamar buɗe shi, sannan ya nemi a zuba manhajar kamfani kafin a rufe; in aka rufe a kan wata daban, wayar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ya dawo da ita ranar Litinin, muka kashe muka kunna sau biyu, rubutun bai fito ba. Na sa ya canja lambar sirrin asusun kuɗinsa a gabana kafin a buga ƙararrawa.