Ɗaukar Keke a Bayan Ƙaramar Mota: Lissafin da Ke Kan Ƙugiya

Duk wanda ya saba zagaya wuraren sayar da motocin Beljiyam ya san wani dunƙulen ƙarfe da ke leƙowa daga ƙarƙashin bambar baya ta wasu Golf da Opel da Peugeot. Mu a nan ba mu cika ba shi aiki ba, galibi sai ƙwauri ya bugu da shi ake tuna yana nan. A ƙasashen da motocin suka fito kuwa abu ne mai doka da lamba da takarda. Ƙugiyar ja ke nan, wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya fito da irinta mai kan ƙwallo a farkon shekarun 1930 domin jan tirela. Faɗin ƙwallon milimita 50 ne a duk faɗin Turai, shi ya sa abin da aka ƙera a Suwidin yake zama daram a kan motar da aka haɗa a Faransa. Sai dai a yau da yawa daga masu sa ƙugiyar a Holan da Jamus da Ingila ba su mallaki tirela ba. Keke suke ɗauka da ita.

A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma a Jamus, a shekarar 2023, kekunan lantarki da aka sayar sun zarce kekunan feda a karo na farko, sun kai kusan miliyan 2.1. Mai keke irin wannan yana son ya kai shi bakin teku ko gindin dutse a ƙarshen mako, motarsa kuma sau da yawa ƙarama ce mai datsattsen baya, wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa sama tare da gilashi: Polo, Yaris, Clio, Jazz. Ɗora keke a rufin mota yana buƙatar ƙarfin dantse, yana ƙara shan mai saboda iskar da yake tarewa, ga kuma haɗarin mantawa a kutsa gareji da shi. Kariyar keke da ake ɗaurewa da maɗauri a jikin ƙofar baya tana da araha, amma tana jingina da gilashi da fenti, tana kuma hana buɗe but. Saboda haka mutane suka koma wa kariyar da ke zama a kan ƙugiya. Tana ƙasa, ko dattijo zai iya ɗora mata keke, kuma tana ɓuya a bayan motar inda iska ba ta da ƙarfi.

Inda gizo ke saƙa shi ne nauyi. Mai saye yakan dubi kwalin kariya ya ga an rubuta tana ɗaukar kilo 60, sai hankalinsa ya kwanta. Wannan lamba ta kariyar ce ita kaɗai. Akwai ta biyu a jikin ƙugiya, a wani ɗan allon ƙarfe, inda a Turai ake rubuta harafin S da adadin kilo a gabansa, wato iyakar nauyin da zai iya danna ƙwallon ƙasa. Akwai ta uku a littafin mota, wadda kamfanin da ya ƙera motar ya yarda da ita. A cikin ukun nan wadda ta fi ƙanƙanta ita ce mai hukunci, kuma a ƙaramar mota kusan kullum ta motar ce. Yawancin masu datsattsen baya suna tsakanin kilo 50 zuwa 75.

To, a yi lissafi. Ita kanta kariyar tana da nauyi, kuma ana cire shi daga wannan adadi kafin a zo kan keke. Samfurin EasyFold XT mai ɗaukar keke biyu, na kamfanin Thule da aka kafa a Suwidin a 1942, ya kai kusan kilo 18. Idan motar kilo 50 ta yarda da shi, saura 32 ke nan. Kekunan feda biyu masu kilo 14 kowanne za su shiga, da ɗan rara. Kekunan lantarki biyu masu kilo 25 kowanne kuwa sun kai jimlar 68, an wuce iyaka da kilo 18 alhali kariyar ba ta ma cika ba. Shi ya sa masu kekunan lantarki suke zare batir su sa a cikin mota. Yana rage kilo uku ko makamancin haka a kowane keke, yana kuma kare batirin daga ruwa da girgiza, amma bai isa ya cike wancan giɓi ba. Wanda motarsa take da kilo 50 kuma yake da kekunan lantarki biyu, gaskiyar magana ɗaya zai ɗauka a baya.

Ko da an tsaya cikin iyaka, akwai abin da lambar ba ta faɗa ba, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina. An auna harafin S ne da tunanin tirela, wadda nauyinta ke sauka kai tsaye a kan ƙwallo. Kariya kuwa miƙa nauyin take yi baya, keke na farko yana kusa da bamba, na biyu ya fi nisa, na uku ya fi su duka. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa a gefen ƙafarsa, sannan ya gwada riƙe shi da miƙaƙƙen hannu, ya san bambancin: ruwan bai ƙaru ba, kafaɗa ce ta ji a jikinta. Haka nauyin da ke nesa yake murɗa ƙugiya da wuraren da aka ɗaure ta a ƙashin mota, kuma duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, wannan murɗa tana ninkuwa na ɗan lokaci. Ƙarfe ba ya karyewa a ranar farko. Gajiya yake yi a hankali, tsaga ta fara daga bakin ramin noti, ba wanda ya gani.

Sannan ga abin da nauyin ke yi wa tafiyar motar. A ɗauki mota mai tazarar mita 2.5 tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda shi ne kusan awon Yaris da Jazz. A ce kariya da kekuna sun kai kilo 60, tsakiyar nauyinsu kuma tana mita 1.2 a bayan tayoyin baya. Tayoyin gaba za su rasa kusan kilo 29 na nauyin da ke danne su, na baya kuma su ɗauki kusan 89. A babbar jif wannan ba abin magana ba ne. A motar da duka-duka ba ta wuce tan ɗaya da ɗoriya ba, wadda kuma tayoyin gaba ne ke ja, su ne ke juya ta, su ne ke yin mafi yawan aikin birki, direba zai ji sitiyari ya yi sako-sako, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Idan an ƙara da mutum uku a kujerar baya da kaya a but, gindin motar ya zauna, fitilun gaba sun ɗaga suna kashe wa masu tahowa ido. Dabarar da aka sani ita ce keke mafi nauyi ya kasance kusa da mota, a daidaita fitila da ɗan maɓallin da ke gefen sitiyari, a kuma ƙara wa tayoyin baya iska zuwa awon cikakken lodi da ke rubuce a bakin ƙofa.

A Amurka tsarin daban ne. Maimakon ƙwallo, wani bututu ne mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin bamba, ana zura hannun kariya a ciki a soke shi da ƙusa. Akwai mai faɗin inci ɗaya da kwata, akwai mai inci biyu. Ƙananan motoci yawanci na farkon suke samu, mai ƙarfin da ake kira ajin farko, wanda iyakar nauyin da zai danna shi fam 200 ne, kusan kilo 90. Lambar ta fi ta Turai daɗin ji, amma ta bututun ce, kuma manyan masu ƙera kariya sukan ce kada a wuce keke biyu a wannan aji. Wani abin mamaki shi ne mota ɗaya takan samu hukunci biyu. Honda Fit da aka sayar a Amurka littafinta ya hana ja da ita kwata-kwata, alhali ita ce Jazz a Turai, inda aka ba ta izinin jan ƙaramar tirela. Wani ɓangare na dalilin shi ne a Turai ana taƙaita gudun mai jan tirela, a Jamus kilomita 80 a awa sai mai izini na musamman, kuma ana ɗora wa ƙugiya kaso kaɗan na nauyin tirelar. Duk da haka kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite suna sayar wa masu Fit ƙugiya, kuma kekuna ake ɗauka da ita. Mai yin haka ya sani cewa in wani abu ya lalace a gindin motar, da wuya kamfanin motar ya saurare shi.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake sayarwa don mayar da ƙaramin bututu ya karɓi kariyar inci biyu, ko don a tura kariya baya ta ba ƙofa wuri. Ni dai ban ga hikimarsa a ƙaramar mota ba. Yana ƙara nisan da muka ce shi ne matsalar, kuma masu ƙera shi da kansu sukan rubuta cewa yana iya rage ƙarfin ƙugiya da rabi.

A Turai ma akwai motocin da ba a yarda su ja komai ba, kamar Volkswagen up! da Toyota Aygo na farko. Irin waɗannan sai dai maƙalin da aka yi musamman don kariyar keke, in akwai shi. A Birtaniya duk motar da aka yi wa rajista daga 1 ga Agusta 1998 dole ƙugiyarta ta kasance wadda hukuma ta gwada ta amince da ita ga wannan samfurin motar. Wannan ya sa nake jan kunnen wanda zai kai tasa wurin mai walda a liƙa masa ƙarfe a bayan mota. Ƙaramar mota ta zamani ba ta da doguwar shasi irin ta a-kori-kura, jikinta gaba ɗaya faranti ne siriri da aka lanƙwasa aka haɗa. Akwai 'yan wurare ƙalilan da aka ƙarfafa aka huda wa ramukan noti don wannan aiki, kuma wutar walda a wani wuri daban raunana farantin take yi ta buɗe wa tsatsa ƙofa. Ita ma tsohuwar ƙugiyar da ta zo da motar Beljiyam tana bukatar bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba, domin ta sha gishirin da ake watsa wa hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara.

Kariyar kan ƙugiya iri biyu ce. Akwai mai rataye keke ta sandarsa, ba ta da nauyi, ba ta da tsada, amma kekuna suna lilo suna gogar juna, kuma keken mata marar sandar sama ba ya ratayuwa sai da ƙarin ƙarfe. Akwai mai faranti, inda tayoyi ke zama a cikin kwari a ɗaure, wani hannu kuma ya riƙe jikin keken. Ta fi natsuwa a hanya, ta fi nauyi. Ga mai datsattsen baya, abin da ya kamata ya tambaya kafin kuɗi shi ne ko tana kwantawa baya da kekunan a kanta har ƙofar but ta buɗe ba tare da ta bugi ƙahon keke ba. Ba kowace kariya ke kwantawa daidai da kowace ƙofa ba, gwadawa ce kawai ke raba gardama.

Wasu ƙananan abubuwa sun fi yawan jawo asara. Kariyar Turai matse ƙwallo take yi ta riƙe shi, don haka dole a goge masa giris tsaf, akasin mai tirela da ya saba shafa masa. Hayaƙin salansa yana iya narkar da tayar keke in bakinta yana fuskantarta. Gindin ƙaramar mota yana kusa da ƙasa, kariya kuma ta ƙara masa tsawo, don haka gangaren shiga gida ko gidan mai yakan sa ta karci ƙasa, sai an bi shi a karkace. Babban keke ya kai tsawon mita 1.8, motar kuma faɗinta kusan 1.7 ne, ke nan tayoyi suna leƙowa ta gefe, abin lura a lungu da wurin ajiye motoci. Na'urar da ke ƙara idan ana ribas za ta yi ta kuka sai an kashe ta. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci kuma a tsaya a sake jan maɗaurai, domin sukan saki da girgizar farko.

Batun doka a bayyane yake kusan ko'ina: kada a rufe lambar mota, kada a rufe fitilun birki da sigina. Shi ya sa kariyar Turai take zuwa da nata fitilun da wurin maƙala lamba, da wayar da ake jonawa a soket mai ƙafa 7 ko 13 kusa da ƙugiya. Mai ƙafa 13 shi ke kai wutar fitilar ribas. A Sifaniya ana ƙara wani allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 kowane gefe, ga kayan da suka zarce bayan mota. Yawancin kariyoyin Amurka ba su da fitila, kuma hukuncin rufe lamba ya danganta da jihar da mutum yake.

Wanda keke ɗaya yake da shi kuma shi kaɗai ke tafiya, kafin ya kashe kuɗin ƙugiya da waya da kariya, wanda a Turai kan haura Yuro dubu idan an haɗa da ladan aiki, ya fara kwantar da kujerun baya ya cire tayar gaban keken. Yawancin masu datsattsen baya suna haɗiye keke ɗaya a haka, Jazz ma kujerunta suna kwantawa su yi daidai da ƙasan but. Sai ya shimfiɗa tsohon bargo saboda baƙin man sarƙa, ya sa gefen giya ya kalli sama.