Motar Ƙwalisa Ta Hannu: Kuɗin Saye Somin Taɓi Ne

A 'yan shekarun nan muna ganin motocin ƙwalisa masu gudun tsiya, irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, suna ratsa titunan Tamale, har sha'awarsu ta shiga zukatan samarinmu na Gurugu. Kafin magidanci ya sa hannu a kuɗin gida, ko a abin da ɗan'uwa ya aiko daga ƙasar waje, ya kamata ya san cewa kuɗin saye somin taɓi ne.

Yawancin waɗannan motoci na hannu daga Amurka suke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma da dama an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, aka gyara aka fesa fenti. Kwastan na ƙayyade haraji bisa girman inji, ga kuma tara a kan motar da ta haura shekara 10. Injin Mustang mai silinda 8 lita 5 ne, saboda haka harajinsa da shan mansa duk sun fi na ƙaramar Toyota nesa ba kusa ba.

Sai batun hanya. Tsakanin cikin Mustang da ƙasa kimanin santimita 14 ne kawai. A lungunanmu marasa kwalta, musamman da damina, salansa da kaskon baƙin mai su ne ke fara dukan ƙasa, shokozoba na biye. Tayoyinta masu faɗi da siririn gefe ba sa jure rami, su da ƙarfen ƙafa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri.

In wani abu ya lalace, ba lalle a same shi a Tamale ba. Sai an aika Suame a Kumasi, ko Abossey Okai a Akara, tafiyar kilomita wajen 600. Wani kayan ma sai an yi odarsa daga waje da dala, kuma ba mu manta yadda sidi ya faɗi warwas a 2022 ba. Kafin ya iso, mota na kwance a gareji, kuɗin makarantar yara na tafiya.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. A binciki tarihin motar da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17. A je da makaniken da aka amince da shi, ya duba inji, giya, birki da ƙarƙashinta, ya jona mata kwamfuta. A karanta lambobi 4 da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira. A tabbatar da takardun kwastan da na DVLA, a tambayi kuɗin inshora tun kafin ciniki ya faɗa.

Wanda ba zai iya ajiye kuɗin gyara a gefe ba tare da taɓa cefanen gida ko cin bashi ba, to ya haƙura tukuna. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Allah Ya sa mu dace.