Barci Mai Nauyi Ko Farkarwa Kowace Safiya?

Idan ciwon huhu ya ci ƙarfin mutumin Illo ko Tsamiya, har oksijin ya kasa riƙe shi, sai a nufi Birnin Kebbi, wani sa'in har asibitin koyarwa na Sakkwato. Can ake zura masa bututu a maƙogwaro, inji ya karɓi aikin numfashi. Daga nan hanya biyu ce a gaban likita.

Ta farko, a dulmiyar da shi cikin barci da allura, kwana da kwanaki. A idon dangi tausayi ke nan: ba ya fizge bututu, ba ya kokawa da inji. Kuma akwai huhun da ya lalace har sai an kifar da mai shi rub da ciki. Wannan kam barci mai nauyi ya zama dole.

Ta biyu, a tsayar da maganin kowace safiya har majinyaci ya buɗe ido, ya matse hannun nas. Da aka gwada haka a Chicago, rahoton da ya fito a 2000 ya nuna zaman kan inji ya ragu daga kwana 7.3 zuwa 4.9.

Ni dai ta biyun ta fi kwanta mini, saboda ƙwaƙwalwa. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta bi sawun majinyata 821, ta kuma bayyana a 2013 cewa bayan shekara guda kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada na fama da mantuwa irin ta farkon cutar Alzheimer. Wanda ya daɗe cikin ruɗewa da sambatu a asibiti, shi ya fi jin jiki. Ɗan kasuwar da ke lissafin naira da sefa da ka a bakin iyakar Benin sai ya dawo gida yana kasa ba da canji, a ce iska ce ko sammu, a kama turare.

Korona ta ƙara fayyace lamarin. Binciken 2021 kan majinyata 2,088 a ƙasashe 14 ya nuna allurar barci dangin benzodiyazefin na ƙara ruɗewa, ziyarar dangi kuwa na rage ta.

Farkarwa dai tana da tsadarta: sai da nas tsaye a kan gado, ga shi nas-nas ɗinmu sun yi kaɗan. Masu jinya kuwa muna da su jingim, zaune kan tabarmi a barandar asibiti. A koya wa ɗaya wanke hannu, a shigar da shi ya kira majinyacin da sunansa, ya gaya masa yau wace rana ce.