Rufin Ɗaki Kafin Rage Bashi

Wani abokin aikina da ya karɓi rancen gida daga Asusun Gidaje na Ƙasa ya ƙudurta ƙara wani abu bisa biyan kowane wata, domin ya rabu da bashin da wuri. Niyyar tana da kyau, sai dai lissafin bai cika ba. Kuɗin ruwan rancen kashi 6 ne cikin ɗari, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 a Disambar 2024. Nairar da zai biya baɗi ba za ta kai darajar ta bana ba, kwanon rufi da siminti kuwa kullum tsada suke ƙarawa. Ɗakin 'ya'yansa yana yoyo tun damunar bara, ga kuɗin makaranta na tafe. Na ce masa ya fara kiran kafinta.