Farantin Tsoho: Aikin Masanin Abinci a Gidajen Kula da Tsofaffi da Naƙasassu

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane, wai tsoho ba ya buƙatar abinci sosai, ɗan shayi da biredi ko ɗan kunu ya ishe shi, tunda ba noma yake yi ba. Wannan kuskure ne, kuma ya kwantar da tsofaffi da yawa. Gaskiya ne cikinsa ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a dā, amma buƙatarsa ta furotin ta fi ta mai shekara talatin, domin tsokar jiki tana zagwanyewa da tsufa. Masana suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a rana ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Sha'awar ci ta ragu, buƙata ta ƙaru. Cike wannan giɓi shi ne babban aikin masanin abinci mai gina jiki a gidan kula da tsofaffi.

Ostireliya ta koyi wannan darasi da zafi. Wani bincike na 2017 ya gano cewa matsakaicin abin da gidajen tsofaffin ƙasar ke kashewa kan abincin mutum ɗaya a yini bai wuce dalarsu 6.08 ba. A 2018 gwamnati ta kafa hukumar bincike kan ingancin kula da tsofaffi, kuma rahotonta na wucin gadi na 2019 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 22 zuwa 50 cikin ɗari na mazauna gidajen suna fama da tamowa. Tamowa fa, a ƙasar da ke fitar da nama da madara zuwa kasuwannin duniya! Daga Yulin 2021 aka ƙara wa gidajen dala 10 a rana kan kowane mazauni, da sharaɗin su riƙa ba da rahoto kan abincin da suke bayarwa.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya sa loma a baki. Masanin kirki yakan fara da ma'auni, ya duba ko mutum ya rame a 'yan watannin nan. Daga nan ya zauna a ɗakin cin abinci ya zuba ido. Ga wata tsohuwa tana juya nama a baki ta kasa taunawa, ashe haƙoran robarta sun yi mata yawa tun da ta zube. Ga wani an ajiye masa faranti a ɓarin da ya shanye, abinci ya huce, mai aiki ta zo ta kwashe ta rubuta "ya ƙi ci". Bai ƙi ba. Hannunsa ne bai kai ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne gwajin da Sandra Iuliano ta Jami'ar Melbourne ta jagoranta, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021. An ɗauki gidaje 60 masu mazauna fiye da 7,000. Rabin gidajen aka bar su da abincinsu na kullum. A ɗaya rabin ba a kawo ƙwaya ko allura ba, madara da yogot da cuku kawai aka ƙara cikin girkin da suka saba, daga kashi 2 a rana zuwa 3 da rabi. Cikin shekara biyu karaya ta ragu da kashi 33 cikin ɗari, karayar kwatangwalo da kashi 46, faɗuwa kuma da kashi 11. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya karye a kwatangwalo ya san nauyin wannan adadi, don da yawansu ba sa sake takawa da ƙafarsu. Kuma a lura, masanan ba da likita suka fi zama ba, da mai dafa abinci suka zauna, suna dubawa ina za a zuba garin madara, wane kayan zaƙi za a musanya da yogot.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ɗora wa mai shekara 88, wanda ƙasusuwansa suka fito, dokar hana maiƙo da zaƙi da gishiri gaba ɗaya saboda ciwon sugan da aka gano masa tun yana ɗan hamsin. Dokar ta yi masa amfani a lokacinta. Yanzu ramar ce ke barazana ga ransa, ita ke hana gyambon kwanciya warkewa. Masanin abinci ne ke zama da likita su sassauta, gwargwadon halin mutum da abin da ransa ke so.

Matsalar haɗiya kuwa, mai duba lafiyar magana da haɗiya ne ke tantance ta. Akwai ma'aunin duniya, IDDSI, mai matakai daga 0 zuwa 7, wanda Ostireliya ta fara aiki da shi a 2019. A mataki na 5, faɗin gutsuren abinci ba zai wuce milimita 4 ba, wato ya shige tsakanin yatsun cokali. Haɗarin shi ne a niƙa abinci a tsinka shi da ruwa, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba.

A gidajen naƙasassu lamarin ya bambanta daga ɗaki zuwa ɗaki: wani ta bututu ake ciyar da shi, wani magungunan ƙwaƙwalwa sun sa masa ƙiba, wani ba ya iya faɗin cewa yana jin ƙishi. Shirin inshorar naƙasassu na Ostireliya, NDIS, da aka fara a 2013 yana iya biyan kuɗin masanin idan buƙatar ta taso daga naƙasar.

Mu dai tsofaffinmu galibi a gida muke riƙe su, amma kuskuren iri ɗaya ne. In kana da tsoho a ɗaki, ka dama masa kunun gyaɗa da madara, ka ba shi fura da nono mai kauri, da ƙwai da alale, kuma ka zauna kusa da shi har ya gama ci.