Amsar Wasiƙa: Akwatin da ke Kunna Famfo da Kansa

Wani mai sauraronmu daga Karfi ta Malumfashi yana son gwada akwatin PLC, wanda zai riƙa kunna masa famfon burtsatse, ya kashe in tanki ya cika.

To Malam, kafin ka taya akwatin, tambayi manhajar da ake rubuta masa umurni da ita a kwamfuta. Ta Siemens LOGO! saye ake yi. WPLSoft ta Delta da Zelio Soft ta Schneider kuwa kyauta ake samunsu a intanet. In gwanjo ka tarar a kasuwar Sabon Garin Kano, kada ka biya sai da igiyarsa, kuma ka tabbata ba a kulle shi da lambar sirri ba.

Kada fa ka jona masa famfo kai tsaye, ƙonewa zai yi. Mai gyaran wuta ya sa maka kontakta a tsakani.