Rancen Karatu da Albashin Mai Digirin Kimiyyar Siyasa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin karatu ya sha bamban da sauran basussuka, domin ana cinsa ne da ƙuruciya, sa'an nan a biya shi daga albashin da ba a riga an gani ba. Saboda haka ya wajaba ɗalibin da ya zaɓi kimiyyar siyasa ya auna abin da zai ranta da abin da zai samu, tun kafin ya sa hannu.

Rancen ɗalibai ya daɗe a Nijeriya. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, amma daga baya ta durƙushe, musamman saboda da yawan waɗanda suka karɓa ba su biya ba. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar doka, a watan Afrilu na 2024 kuma aka maye gurbinta da wata, wadda a ƙarƙashinta asusun NELFUND ya fara aiki. Dokar 2024 ta soke sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi. Rancen ba shi da kuɗin ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, an kuma fara shirin da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don abinci da sauran buƙatu. Ba a neman biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ga misalin lissafi. A ɗauka kuɗin makaranta Naira 100,000 ne a shekara, ɗalibi kuma ya karɓi kuɗin buƙatu na wata goma kowace shekara. A shekara huɗu bashinsa ya kai Naira 1,200,000, watau 400,000 na makaranta da 800,000 na buƙatu. In albashinsa Naira 200,000 ne, zai gama biya cikin shekara biyar. In 100,000 ne, sai shekara goma. In kuwa ya tsaya a kan mafi ƙarancin albashi, watau Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, to, zai haura shekara goma sha huɗu yana biya. Wannan ya nuna cewa albashi ne yake tsayar da abin da za a cire duk wata, girman bashi kuwa shi yake tsawaita shekarun biya.

To, wane irin albashi ne yake jiran mai wannan digiri? Likita da lauya suna fita da lasisin sana'a, mai kimiyyar siyasa kuwa ba shi da sana'ar da aka keɓe masa. Hanyoyinsa su ne aikin mulki a ma'aikatun gwamnati, da harkokin waje, da hukumar zaɓe, da majalisun dokoki, da aikin jarida, da koyarwa, da ƙungiyoyin raya ƙasa. A aikin gwamnati mai digirin farko yakan shiga a mataki na 08, daidai da abokinsa mai digirin tarihi ko tattalin arziki. Koyarwa a jami'a kuwa, ba ta ɗorewa sai da digiri na biyu da na uku. Ashe babban haɗarin shi ne daɗewa ana jiran aiki, domin masu nema sun fi guraben yawa. Dokar ta yarda wanda bai sami aiki ba ya yi rantsuwa a rubuce ya nemi jinkiri, amma jinkiri ba yafewa ba ne.

Har wa yau akwai batun tsadar kaya. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Bashi marar ruwa yana rage nauyi a irin wannan hali, gama kuɗin da za a mayar ba su kai darajar waɗanda aka karɓa ba. Amma fa sai in albashi ya bi farashi. In bai bi ba, kashi gomar nan daga kuɗin abinci da haya za a yanke shi.

Ma'aunin gaskiya dai shi ne ƙarin da digiri ya kawo. Wanda digiri ya ɗaga daga 70,000 zuwa 100,000, ko bayan an cire 10,000 yana da rarar 20,000 duk wata. Wannan rara takan ƙaru in ɗalibi ya taƙaita rance a kan kuɗin makaranta, ya kuma haɗa karatunsa da Faransanci ko Larabci ko ilmin ƙididdiga, waɗanda suke faɗaɗa masa ƙofofin aiki. Biyan kuwa amana ce, domin abin da na gaba ya mayar yana cikin abin da za a ranta wa na baya. Darasin hukumar 1972 ke nan.